Baƙon da ya zo cikin kwalin ayaba

Gado mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masunta, amma a Doha Allah ya ajiye abincinsa. Shekara shida yana gadin wani siton sanyi a kasuwar 'ya'yan itace ta Abu Hamour, inda ake sauke ayabar da jirgin ruwa ke kawowa daga Ekwador. Ba mai yawan magana ba ne. In ka zauna kusa da shi, zai miƙo maka ayaba ɗaya cikin waɗanda suka ɗan daku, ya ci gaba da kallon motoci.

A shekarar korona, lokacin da aka rufe filayen jirgi, aka bugo masa cewa mahaifinsa ya rasu. Ya je wurin kafil ɗinsa, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, kafil ya buɗe hannuwa ya ce ko shi ba shi da jirgi. A waya Gado ya karɓi gaisuwa, yana tsaye da takunkumi a baki, yana auna zafin goshin 'yan dako.

Kwana huɗu da rasuwar, wani ɗan dako ya buɗe kwali ya yi tsalle baya. A tsakanin nonon ayaba ga wani ɗan kwaɗo kore, bai kai babban yatsa ba, sanyi ya sandarar da shi. Ɗan dakon ya ɗaga takalmi, Gado ya riƙe masa hannu. Ya jiƙa tafinsa da ruwa ya ɗauki abin. Can sai maƙogwaron kwaɗon ya motsa.

Malachi, mai gyaran injinan sanyi, mutumin Kafanchan, ya leƙo ya yi dariya.

"Baba Gado, wannan ya fi mu iya tafiya. Wata guda a teku, ba fasfo, ba biza, ba ejan da ya yaudare shi."

Shi ya fara nuna wa Gado ƙasar Ekwador a waya, a can ƙarshen duniya, bayan teku biyu.

Gado ya kai kwaɗon ɗakinsu na unguwar Fereej Abdel Aziz, inda su shida suke kwana. Ya samo babbar robar zaitun mai haske, ya huda murfin, ya sa ganye da reshe. Ɓawon ayaba yake ajiyewa ya tara ƙananan ƙudaje, su ne abinci. Ruwan famfo kuwa ya lura yana sa fatar kwaɗon ta koɗe, sai ya koma tarar wanda ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki. Doka ɗaya ya kafa: kada wanda ya taɓa. A lokacin kowa na shafa maganin kashe cuta a hannu sau hamsin a rana, shi kuma tun a gida ya san kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa. Ko shi sai ya wanke hannu sau uku da tsurar ruwa.

Ghali, direba, mai gadon sama, shi ya raɗa masa suna Alhaji Baƙo.

"Malam Gado, a tambayi Alhaji ko an biya masa kuɗin ɗaki. Mu shida aka rubuta."

"Ya fi ka tsafta, kuma ba ya minshari."

Shekara biyu aka yi haka. Gado, wanda da bai damu da waya ba, ya zama in ya tashi aiki sai kallon ƙasar baƙonsa. Ya san duwatsun da ke aman wuta alhali ga ƙanƙara a kansu. Ya san dajin da gajimare ke kwana a cikinsa, da tsibirin da kunkuru ya kai yaro ya hau. Daga nan ya zarce maƙwabta, ya ga garin dutse a kan tsauni a Peru, da filin gishirin Bolibiya da ido ba ya ganin ƙarshensa. Amma inda ya fi daɗewa shi ne babban kogin nan nasu, wurin da mutane ke tsaye a kwalekwale suna jefa raga. Yadda suke karkata kafaɗa, sak na tsohonsa.

"Kai da ko Dubai ba ka leƙa ba," in ji Ghali, "ka zama jagoran 'yan yawon buɗe ido."

Ranar da Malachi ya gaya masa Ekwador ce za ta buɗe gasar ƙwallon duniya a nan, sai Gado ya ce, "Ashe mutanen Alhaji Baƙo za su zo. Ni ban samu na koma ba, Injiniya. Shi zai koma."

Saura wata guda a fara wasa aka tashe su daga unguwar, aka ce tsakiyar gari ta baƙi ce yanzu. Aka kwashe su zuwa Al Wukair, can bayan gari. Gado ya bar tukunyarsa da fankarsa, ya riƙe robar a cinya har suka isa.

Washegarin wasan farko, wanda Ekwador ta ci, ya roƙi rabin yini, ya sa farar kaftaninsa ta salla, ya shiga gari da robar cikin jaka. A bakin tsohuwar kasuwa ya sami 'yan Ekwador, sun cika wuri da riguna ruwan ɗorawa da ganguna. Ya zaɓi wani dattijo mai furfura wanda ya ji yana ɗan Turanci. Ya nuna masa tambarin da ya yage daga kwalin, sannan ya buɗe jaka.

Dattijon ya ƙwala ihu ya kira 'yan'uwansa. Nan da nan aka kewaye Gado, ana rungumarsa, wani ya kifa masa hula ruwan ɗorawa. Tun da ya zo Doha ba a taɓa murna da shi haka ba. Sai wata budurwa ta ciro 'yar kwalba daga jaka, ta matsa maganin kashe cuta a tafinta, ta murza sosai, ta miƙo hannu tana murmushi. A wurinta girmamawa ce ta yi.

Gado ya gani. Har ya buɗe baki. Amma mutanen Alhaji Baƙo ne, daga ƙasarsa suka zo, shi kuwa mai gadi ne da ya yi shekara da shekaru yana ce wa baƙi "to, yallaɓai". Wa ya isa ya hana mai abu taɓa abinsa? Ya cire murfin.

Daga hannunta kwaɗon ya koma hannun wani, daga nan aka ɗora shi kan tuta, aka ɗora shi kan kumatun wani mai fenti a fuska, ana ta ɗaukar hoto a rana. Da ƙyar Gado ya karɓo shi.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: in za su koma gida, su mayar da kwaɗon dajinsu. Dariyar dattijon ta tsaya.

"Abokina, ba a shiga jirgi da wannan. A filin jirgi za su ƙwace shi." Ya dubi kwaɗon. "Kuma ni ba can zan koma ba. A Sifaniya nake aikin gini. Shekara goma sha tara rabona da gida. Dajin nan da kake faɗa, ni ma a waya nake ganinsa."

Ya dafa kafaɗar Gado, ganga ta kira shi, ya bi mutanensa.

A cikin bas Gado ya duba robar. Alhaji Baƙo bai manne a jikinta ba kamar kullum. Yana kwance a ƙasa, korensa ya koma toka-toka. Gado ya zuba masa sauran ruwan da ya taho da shi, ya wanke shi, ya sake wankewa. Kafin su kai Al Wukair maƙogwaron ya daina motsi.

A bayan ginin, inda ruwan na'ura ke ɗiga har 'yar ciyawa ta fito, nan ya tona masa rami da cokali. Ghali ya fito, ya ga hular, ya shirya tsiya. Da ya ga robar a buɗe sai ya haɗiye maganarsa, ya tsugunna kusa da shi.

"Kai ka san ba a taɓa shi, Malam Gado."

"Na sani."

Bayan kwana biyu Malachi, wanda labari bai kai masa ba, ya zo sito da waya a hannu yana washe baki. Hoton ya zaga duniya, in ji shi, dubban mutane sun yaba. Ga Gado da hula yana dariya, ga budurwar, ga kwaɗon a tafinta mai sheƙi.

Gado ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu har fuskarsa ta fita daga ciki, ya daɗe yana kallo.

"Nan da sauran ransa," ya ce. Ya miƙa masa wayar, ya tashi ya buɗe wa motar ayaba ƙofa.