Lallen da Inna ta yi don ranar zaɓe

Wata Asabar ce cikin daminar 1979, ina 'yar shekara takwas, Inna ta tashe ni na ɗebo mata ruwa a rijiya tun awaki ba su fara kuka ba. A shekarar ne matan garinmu za su fara jefa ƙuri'a, ita kuwa ta ɗauki abin kamar biki. Kwana biyu tana shiri. Ni na tsinko ganyen lalle a bayan rumbu, na daka, na tankaɗe, ta kwaɓa ta cusa hannunta cikin zunguru ta zauna gindin dalbejiya, ni ina iza mata wutar tuwo ina korar kaji daga shanyar gero. Sau biyu ta maimaita, har yatsunta suka yi baƙi wuluk. Baba yana ta tsokanarta, ita tana cewa, "Yau gwamnati za ta tambaye ni ra'ayina, ai ba na je mata da hannu fari ba."

A makarantar firamare ake zaɓen, filin da muke 'yar gala-gala. Na riƙe gefen mayafinta muka bi layin mata har rana ta take. Da muka isa gaban tebur, malamin zaɓen, wani baƙo da aka turo daga birni, ya kama kallon babban yatsanta. Ya ce wannan tawada ce, ta riga ta dangwala. Inna ta ce lalle ne, ɗan nan. Bai ɗaga kai ba, ya kira matar da ke bayanta. Matan da ke layi kowacce ta tura hannunta cikin zani. Muka dawo gida. Ta zauna bakin rijiya da toka da dutsen goge kaushi tana dirzar yatsan har ya yi ja, lallen bai fita ba. Har ta rasu ba ta sake zuwa layin zaɓe ba, ko an yi mata magana sai ta ce tana da aiki.

Yanzu ga ni a unguwar Perry Barr a ƙasar Turawa, maigida yana asibiti wurin aiki, gida shiru sai ƙarar firji. Autata Nabila tana jami'a a Manchester, kwanaki ta kira ni daga ɗakinta a Fallowfield tana ta faɗa, rabi Turanci rabi Hausa. Wai ta karanta matan Amurka na farko ba su da ƙuri'a, wai in mace ta yi aure har dukiyarta ta koma hannun miji. Ta ce, "Ummi, imagine!" Na ce ba sai na yi imagine ba, na buɗe baki zan ba ta labarin Inna, sai ta ce bas ɗinta ta iso.

Duk sanda council, wato ƙaramar hukuma, suka turo katin zaɓe da sunana a jiki, nakan kwaɓa lallen leda in zauna ni kaɗai a kicin har ya kama. Washegari in taka zuwa makarantar unguwa, su miƙo mini takarda da fensir. Babu layi, babu tawada. Nakan ɗan jinkirta da hannuna shimfiɗe a kan teburin, amma har yau ba wanda ya kalle shi.