Bakaniken da Ke Gyara da Kunne

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gyaran mota, kuma duk layin gareji ba mai kiransa da sunan yanka. Likita ake ce masa, domin ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Yana da wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako. Sai ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnen dama, ya lumshe ido. Minti ɗaya ya ishe shi. Ya ɗago ya ce filogi na uku ne, ko ya ce famfon ruwa ya kusa tafiya. In aka buɗe, haka ɗin za a tarar.

To amma fa Likita akwai baki! Motocin zamani sun sha zagi a wurinsa har sun gode Allah.

"Wannan mota ce? Waya ce aka sa wa taya," haka yake faɗa wa Mai Faci, mai liƙin taya, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa. "Ka ɗaga bonet ka tarar da murfin roba, an lulluɓe komai. Gilashi ba mariƙi. Ka manta ɗaura bel ta hau ka da tsiwa. Ni mota za ta yi wa tarbiyya?"

"Tsufa ke damunka, ba mota ba," in ji Mai Faci.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne shagon tsallaken titi, inda wani mai farar riga ke jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya karanto ciwon mota a allo. Hannunsa ko ɗigon baƙin mai babu. Masu kawo wa Likita gyara suka yi ta zamewa can ɗaya bayan ɗaya, sai tsofaffin tasi suka rage masa. Ya rantse ƙafarsa ba za ta taka shagon nan ba, kuma bai taka ba.

Ana nan sai Auta, ƙaramar 'yarsa ma'aikaciyar jinya, ta sayi motarta ta farko, irin waɗanda yake zagi ɗin nan. An yi mata canjin wurin aiki, tafiyar awa biyar ce a gabanta. Da hantsi ta shigo gareji, kayanta duk a but ɗin motar.

"Baba, akwai wata 'yar ƙara da take yi tun jiya. Ƙawayena sun ce in kai ta shagon tsallake, na ce Allah Ya kiyaye, ubana Likita ne."

Zo ka ga fuskar tsoho! Ya goge hannu, ya cire murfin robar nan yana tsaki, ya ce ta tayar. Ya kafa sukundireba, ya manna kunne, ya lumshe ido.

Shiru. Girgizar inji yana jin ta a haƙoransa, amma sautin ya dushe, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Ya matsa gaba, ya koma baya. Ya juya kunnen hagu, abin da bai taɓa yi ba. Duk ɗaya. Da ya buɗe ido sai ya ga Mai Faci ya dakata da aikinsa, ya karkato kai yana yamutsa fuska. Daga can nesa shi yana jin ƙarar ke nan.

 Gaskiya ya daɗe da sani. Watanni ke nan yana ƙara wa rediyo murya yana cewa batir ne, yana yi wa matarsa faɗa wai ta koyi magana ciki-ciki. Amma yau Auta ce tsaye a gabansa tana murmushi, tana jiran hukunci.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Haka suke, surutu ne da su kamar masu su."

Ta yi dariya, ta durƙusa ta yi masa sallama, ta ja mota.

Ya zauna a kan tsohuwar kujerar bas ɗin da yake hutawa. Mai Faci, wanda bai taɓa barin damar tsokana ta wuce shi ba, yau ko kallonsa bai yi ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Likita ya yi ta lissafa abin da ƙarar za ta iya zama. In bel ɗin fanka ne da sauƙi. In kuma wani abu ne da zai saki a tsakiyar hanya, tana gudu, ga manyan motoci? Ya tura 'yarsa kan titi don kada a ce kunnensa ya mutu. 

Ya zaro 'yar wayarsa mai madannai, ya kira ta.

"Auta, ki tsaya. Ki juyo yanzu, ki kai ta tsallake wurin mai kwamfuta." Sai ya ƙara da cewa, "Ƙarya na yi miki. Ban ji komai ba, 'yar nan. Na daina ji."

Mai Faci ya sunkuyar da kai a kan tayar da yake liƙewa.

Auta ta yi magana, ta daɗe tana yi. Muryarta na rawa, wannan kam ya gane. Ko faɗa take yi masa, ko lallashi, ko kuka, bai sani ba. Ya danna wayar a kunne har ya yi masa zafi, kalma ɗaya bai tsinta ba.

Da ya ji ta tsagaita, sai ya ce, "To. To, Allah Ya yi miki albarka."