Doguwar bindigar da ta cije wa Yaya Sale

Bana shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana, Kofur Sale, a wani kurmi na ƙasar Saliyo, inda aka tura su aikin kwantar da tarzoma. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau ban iya cewa yaƙi ne ya kashe shi ba. Bindigarsa ce ta ci amanarsa.

Zuwansa hutu na ƙarshe gidanmu na unguwar Limawa a Dutse, ni na gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Ta yi baƙi ƙirin, kamar an daka ta da taɓarya. Na tambaye shi wa ya doke shi. Ya yi dariya ya ce, "Hauwa, abokiyar aikina ce. Duk harsashin da ta tura gaba, sai ta rama a jikina."

Irin doguwar nan ce da sojoji suka gada tun yaƙin basasa. Ya ce nauyinta kaɗai ya isa ya gajiyar da ƙato kafin a ga abokan gaba. Tsawonta kuwa, in za ka diro daga mota sai ta maƙale, in ka shiga kurmi rassa su riƙe ta. In ka sake ta ta yi ruwan wuta, bakinta sai ya ɗaga sama, ka yi ta harbin ganye. Harsasanta manya ne masu nauyi, ba ka iya ɗaukar da yawa. Abin da ya fi damunsa shi ne ba ta son datti ko kaɗan. Yashi ko taɓo ya ɗan shiga cikinta, shi ke nan ta cije. 'Yan tawaye kuwa gajeru ne a hannunsu, a tsamo su daga laka a ci gaba da harbi.

Inna ta ce, "To ka ce su canza maka mana." Ya ce, "Inna, soja ba ya zaɓe."

Saƙon rasuwarsa ya zo babu gawa, babu bayani. Sai bayan an ƙaddamar da shari'a, lokacin da wasu Kiristocin Dutse ke ɗar-ɗar, wani mutumin Filato, Saje Bulus, ya yi sallama a ƙofar gidanmu yana ɗingishi. Tare suke da Yaya Sale ranar da ya rasu. Ya ce sun ratsa fadama ruwa har ƙirji, suna fita aka buɗe musu wuta. Harsashi ya same shi a cinya, Yaya Sale ya tsaya a kansa yana kare shi. Harbi biyu ya yi, bindigar ta cije. Ya durƙusa yana fama da ita, yana dukanta da tafin hannu, a haka aka harbe shi.

"Mama," in ji Saje Bulus, "da ta tashi, da mu biyu za mu shigo gidan nan." Inna ta sa aka kawo masa fura.

Yanzu in na ga samarin sojoji a shingen hanyar Kano riƙe da gajerun bindigogi, nakan tambayi kaina me Yaya Sale zai ce. Wataƙila ya yi musu murna. Wataƙila kuma ya tambaya ko waɗanda ke sayo makaman sun fara jin ta bakin masu ɗauka.

Ba shi da kabarin da za mu ziyarta, bai bar ɗa ba, hotonsa ma ruwa ya ci. Abin da ya rage shi ne Saje Bulus, wanda yanzu dattijo ne mai shagon kayan gini a unguwar Takur, da 'ya'yansa da jikokinsa, waɗanda ba za a haifa ba da yayana ya gudu ranar. Nakan wuce ta wajen in gaishe shi, ya miƙe tsaye da ƙyar, ya ce, "Sannu, ƙanwar Kofur." Duk garin nan shi kaɗai ke kirana da wannan suna.

Allah ya yi wa Yaya Sale rahama.