Saƙon Malam da Na Kai Landan

Ranar Talata na tashi tun kafin assalatu, na ɗaure kayana, na zauna bakin gadon marigayi mijina, Malam, ina kuka har aka kira salla. Ni ban yi karatu ba, 'yata Saratu ce ke rubutawa ina faɗa mata. Ku matan unguwarmu ta Zurmi kun ishe ni da tambayar abin da na gano a Landan, ni kuwa da na fara sai kuka ya tsare ni. Gara a karanta muku.

Ga abin da ya kai ni. Ɗan farina, wanda ba na faɗin sunansa, aikin jinya yake yi a can. Baban Hanifa nake ce masa. Shekara uku da suka wuce, da 'yan bindiga suka fara matsa wa ƙauyenmu, ya kira ubansa ya ce mu bar gona mu koma cikin gari. Malam ya hasala, ya ce masa a gaban mutane, "Ni ba ni da ɗa a Turai." Bai sake karɓar wayarsa ba. Ba a cika shekara ba muka gudo Zurmi da tabarmi a ka, kamar yadda yaron ya faɗa, amma kunya ta hana Malam kiran sa. Farkon daminar bana, bayan ya yi shuka a 'yar gonar aro, ciwo ya kwantar da shi. Kwana biyu kafin ya cika ya ba ni saƙo, ya ce, "Ba ta waya ba, waya ce ta ɓata mu. Ki kama hannunsa ki faɗa masa." Ni da ban taɓa hannun yaron nan ba tun da aka yaye shi aka kai wa kakarsa.

Da yaron ya kira gaisuwar rasuwa na ce masa ubansa ya bar masa magana, sai mun haɗu. Bayan na fita takaba ya yi mini takardu.

Zurmi zuwa Kaduna

Ƙanin mijina Malam Isa, mai sayen awaki a kasuwar Shinkafi, shi ya raka ni. Ƙarfe shida muna tasha, amma mota ba ta tashi ba sai bakwai da rabi, don ba a bin hanyar sai sojoji sun buɗe ta. Ina rungume da ƙullin garin gero, geron da Malam ya shuka bai ga yabanyarsa ba. A shinge na biyu wani soja ya leƙo ya tambayi abin da ke ciki. Malam Isa ya ce, "Gero za ta kai wa Turawa, an ce yunwa suke." Sojan ya yi dariya ya ce mu wuce. Na ce, "Kai dai bakinka ba ya tsufa." Da muka zo daidai kwanar da ake ratsewa zuwa ƙauyenmu na rufe fuska da mayafi.

Tara saura muka shiga Kaura Namoda, muka sake mota zuwa Gusau, daga nan Funtuwa, inda muka yi azahar muka ci shinkafa da wake. Mun isa Kaduna ana kiran magariba, muka sauka gidan wata 'yar ƙanwata. Laraba muka bi jirgin ƙasa zuwa Abuja, muka kwana a wani masauki kusa da filin jirgi.

Jirgi

Alhamis da safe aka ɗora ni a keken guragu, ni da ƙafafuna lafiya lau, aka rataya mini takarda a wuya. Malam Isa ya ce, "In wani Bature ya ce yana so, ki ce sai an tambaye ni." Amma da zai juya na ga yana goge ido da hula. Wata mata 'yar Sakkwato ta zauna kusa da ni, ita ta ɗaure mini bel, ta zaɓar mini abincin da ya halatta. Awa shida da wani abu muna sama. Ban yi barci ba, saƙon nake maimaitawa don kada kalma ɗaya ta faɗi.

Da muka sauka, mai duba kaya ya buɗe ƙullina ya shinshina, 'yar Sakkwaton ta yi masa bayani, ya mayar mini. A ƙofa na hango su: surukata Zulai, jikata Hanifa mai shekara shida, da shi a bayansu. Ya durƙusa ya gaishe ni kansa a ƙasa, na amsa ina kallon gefe kamar yadda muka saba. Da muka fita waje na ga hayaƙi na fita daga bakina. Zulai ta ce, "Sanyi ne, Inna," ta jibga mini wata ƙatuwar riga har gwiwa da safar hannu.

Kwanakin farko

Abin da ya fara ruɗa ni salla ce. Gari ba ya wayewa sai wajen takwas, kana sallame azahar la'asar ta yi, kafin ƙarfe huɗu magariba ta shiga. Alwala ɗaya nake yi musu duka.

Washegari da safe na dama kunu da garin Malam. Na ce, "Baban Hanifa, in ka sha ka zo mu zauna." Ya miƙe tsaye ya ce, "Inna, yau za mu ga kogi, mota ba ta jira." Kunun ma bai taɓa ba. Muka hau jar mota mai bene, muka ga kogi da wata gada da ke rabewa biyu jirgin ruwa ya wuce, da wani agogo da ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo. Ran Asabar ya kai ni jirgin ƙarƙashin ƙasa. A nan ne na yi abin kunya, don matakala ce mai tafiya da kanta, na tsaya a bakinta na ce ba ni hawa. Mutane suka taru a bayana, babu wanda ya yi mini tsawa, sai wata tsohuwar Baturiya ta riƙe gwiwar hannuna muka sauka tare tana ta yi mini magana, ni ina ce mata na gode.

Ran Lahadi gidan ajiye kayan tarihi, ran Litinin wata hanya da aka rataya wa fitilu daga wannan bene zuwa wancan, ga itatuwa an yi musu ado kamar amare. Lokacin bikin Kirsimetinsu ne. Mun tarar da wasu sun jeru da jajayen huluna suna waƙa, na tuna matar nan Kirista mai ɗinki a Kaura da ke aiko wa Saratu shinkafar bikin duk shekara. Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma duk inda na ga abin mamaki sai in juya dama in nuna wa Malam, in tarar babu kowa.

Kullum haka. Da safe yana da wurin kai ni, da mun dawo sai ya ce aiki ya kira shi. Ran Talata na tsare Zulai a madafa.

"'Yar nan, mijinki gudu na yake?"

Ta ajiye cokali. "Inna, tun da kika ce akwai saƙo bai ƙara cin abincin kirki ba. Gani yake Baba ya tafi da fushinsa. Ya ce mini in baki ne aka bar masa, gara kada ya ji."

"To ki ce masa ba..." Sai na kama bakina. Ba haka Malam ya ce a yi ba. Ga shi kwana huɗu suka rage mini.

Kasuwar sanyi

Ran Laraba bayan la'asar aka kai ni wani babban fili da suke cin kasuwar bikin. Rumfunan katako ne jere, kowace da fitilunta, ana sayar da huluna da kyandir da alewa. Zulai ta nuna mini rumfar da ba a zuwa, ta ce abin da ke tururi a tukunyar giya ce. Ta saya mini shayin koko mai zafi da wasu 'ya'yan itace gasassu masu ɗanɗanon gurjiya. Na tambayi kuɗinsu da namu kuɗin, ta ce in ta faɗa ba zan iya haɗiyewa ba. Akwai wani tsoho mai farin gemu da jar riga, yara na layi su ɗauki hoto da shi. Hanifa ta ja ni wurin da aka daskarar da ruwa, mutane na sulu a kai da takalma masu wuƙa a ƙasa. Wani ƙato ya faɗi zaune, ya tashi, ya sake faɗuwa. Nan na yi dariyar da ban yi ba tun rasuwar Malam, sai kuma dariyar ta koma hawaye.

Ina goge ido na hangi wani lilo, kamar ƙafar keke amma ya kere benaye, da 'yan ɗakunan gilashi rataye a jikinsa, yana juyawa a hankali. Na ja Zulai gefe.

"In an shiga, ana iya fita?"

"A'a, Inna. Kulle ƙofar ake yi ta waje, sai an sauko."

"Mutum nawa ke shiga?"

"Ko biyu ma." Ta dube ni, na dube ta. Yarinyar nan Allah ya yi mata albarka, sai ta ɗaga murya ta ce, "Inna na son hawa lilo. Ni kaina juyawa yake, kai ka raka ta."

Ya ce, "Inna da ta ƙi matakala?"

Na ce, "Yau ina so."

Hanifa ta fara rigimar sai ta bi mu, uwarta ta janye ta da alewa. Ƙarfe huɗu da rabi, duhu ya riga ya shiga, wani saurayi ya rufe mu ya ja sakata. Da ɗakin ya bar ƙasa na karanta duk addu'ar da na sani. Shi kuwa ya manna fuska a gilashi yana cewa, "Inna, ga kogin can, ga agogon nan."

Na cire safar hannuna da haƙori, na ce ya cire tasa. Ya juyo. Na kama hannunsa. Sanyi ƙalau.

Na ce, "Maganar ubanka ce, ba tawa ba. Yadda ya faɗa zan faɗa." Da sunan yaron Malam ya fara, don haka ni ma na faɗi sunan, karo na farko a rayuwata. Saratu, kada ki rubuta shi, ki wuce. Na ce, "Ya ce: kai ne ka yi gaskiya, ni ne ban kyauta ba. Abin da na faɗa a waya bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta taɓa faɗi ba. Ban kwana da fushinka ko sau ɗaya ba, kunya ce ta riƙe ni. Ka yafe mini."

Ya zame daga kujera ya durƙusa, ɗakin ya yi lilo har na dafa gilashi. Ya kifa goshinsa a hannuna yana kuka kamar ran da aka yaye shi.

"Inna, ni wa, da zan yafe wa Baba?"

"Shi ya roƙa. Ba ni komawa sai na ji da kunnena."

Sai da lilon ya kai mu sama ya sauko ya sake hawa sannan ya iya cewa, "Na yafe. Allah ya gafarta masa, ya yafe mini ni ma." Na ce amin. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda na ɗauka tun farkon damina. A nan na kalli fuskarsa sosai. Ashe furfura ta fara fito masa a gemu, ashe kunnuwan Malam gare shi.

Da aka buɗe ƙofa Zulai ta miƙa masa hankici. Wani farin abu ya fara saukowa kamar an sheƙe gari, yana taɓa riga yana narkewa, Zulai ta ce dusar ƙanƙara ce. Hanifa ta yi ta tsalle. Washegari da safe shi da kansa ya leƙo madafa ya ce, "Inna, da sauran garin nan?" Kofi biyu ya sha. Ranar ba mu je ko'ina ba, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ina ba shi labarin jinyar ubansa.

Dawowa

Ran Asabar suka kai ni filin jirgi. Ya ce in hanya ta yi sauƙi zai zo bayan salla ya ga kabarin. Malam Isa na jira na a Abuja, ya dube ni ya ce, "To ina Baturen?" Na ce, "Na isar." Bai ƙara wasa ba, ya ɗaga hannu ya yi fatiha.

Mun kwana Kaduna, mun kwana Kaura gidan Saratu don yamma ta yi mana, ran Talata ƙarfe goma na safe na shiga gida. Na buɗe ɗakin Malam na zauna bakin gadon, na yi kuka, amma ba irin na ran tafiya ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Isa, da 'yar Sakkwaton da ban ko tambayi sunanta ba, da Zulai, da ku da kuka kula mini da awaki. Masu tambaya yadda Landan take daga saman lilo kuwa, ku yi haƙuri, ban gani ba. Ɗana nake kallo.