Katin Arlene

Norbert Delwiche mijin yayata ne, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Shekara talatin da takwas ya yi a masana'antar takarda ta nan Green Bay, da hula ɗaya tal, mai tambarin ƙungiyar ƙwallon garinmu.

Da ya auri yayata Arlene a 1979, maimakon ya kai ta yawon amarci kamar kowa, sai ya ja ta ofishin ƙungiyar ya sa sunanta a layin masu jiran kujerar dindindin a filin wasa. Wai kyautar aure ke nan. Na ce masa wannan rowa ce tsagwaronta. A lokacin ƙungiyar kashi take sha kusan kowace Lahadi, shi ya sa ya ɗauka mutane za su gaji su saki kujeru. Ina! A garin nan kujera gado ce, uba ya bar wa ɗa, har a gaban alƙali ana rabon ta in aure ya mutu.

Duk shekara sai ofis ya aiko da ɗan kati mai sunan Arlene da lambarta a layi, ta manna shi a jikin firiji. Da ƙungiyar ta farfaɗo ta ɗauko kofi, gari ya haukace, layi kuwa ya tsaya cik. Norbert ne kaɗai ya yi murnar kofin yana tsaki. In dusar ƙanƙara ta rufe filin aka nemi masu kwashewa, shi ne kan gaba da shebur, wai yana duba inda za su zauna.

Arlene ta rasu suna shekara talatin da ɗaya a layi. Norbert bai sanar da ofis ba, ya kuma roƙe ni in ja bakina, wai in suka ji za su soke sunan. Na yi shiru shekara tara, kati na zuwa yana mannawa.

Rannan sai ga shi a gidana da wasiƙa. Layi ya iso, kujera biyu, ana neman Arlene ta je ta sa hannu. Ya ajiye tsohon tabaranta a kan tebur, ya ce ai muna kama, in saka in je a madadinta. Wallahi saura kaɗan in kwaɗa masa ludayi. Na ce da tsufana ba zan yi sojan gona ba, ya ɗauko takardar shaidar rasuwa mu tafi.

Matar ofis ta karanta takardar, ta yi masa ta'aziyya, ta ce ai in mata ta rasu gurbin na miji ne, da tuntuni ya zo da an gyara. Ta goge sunan Arlene ta rubuta nasa. Ko minti biyar ba a yi ba.

A mota na sauke masa kwandon faɗa, shekara tara ya sa ni ɓoye abin da ba laifi ba. Bai tada motar ba.

"Na san dokar, Lorraine," in ji shi. "Tun watan da ta rasu na karanta."

"To me ya hana ka zuwa?"

"Banki sun cire sunanta, coci sun cire, asibiti ma haka. Katin nan kaɗai ke zuwa gidan da sunanta."

Kunya ta kama ni, tausayinsa ya cika ni.

Yanzu duk Lahadin da ake wasa a gida ni ke zama a kujera ta biyu, cikin sanyi, alhali ban ma damu da ƙwallon ba. Katin ƙarshe yana nan a jikin firijinsa, lamba goma sha huɗu.