Ranar da ƴar amana ta faɗi a filin ƙwallo

Abin nan ya faru a bazarar da ta biyo shekarar da kogi ya yi fushi ya cinye lambunan bakin Yantala, maigidana bai daɗe da rasuwa ba, ko kwalta ba a zuba a layinmu ba tukuna. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, faɗa nake ana rubuta muku. Amma a lokacin babu macen da ake jin maganarta a unguwarmu kamar ni. Ni ke wankan jego, ni ke raka amarya, idan miji da mata suka saɓa ni ake kira.

Autata ta buga ƙwallo har gwiwa ta hana ta. Sai ta ce za ta koma koya wa ƴan mata, abin da suke ce wa antarenar. Iyaye suka ce wasan maza ne, ba za su ba da ƴaƴansu ba. Na yafa gyalena na bi gida gida, har Zongo na je. Na ce ba autata za su ba wa ba, ni za su ba amana, zan shimfiɗa tabarmata a bakin fili da tulun ruwa, idona a kan kowace. Saboda ni suka yarda.

Ranar da nake faɗa muku watan Sha'aban ne, zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Wani babban ma'aikaci, irin waɗanda muke ce wa mushe, ya zo da mutanensa ya duba aikin autata, don a ba ta takardar da za ta riƙe babbar ƙungiya. Kullum kafin a fara takan tambayi yaran ko akwai marar lafiya ko mai azumi. Ran nan ma ta tambaya, amma mushen yana tsaye kusa da ita. Ku mata kun sani, Sha'aban watan ramuwa ne. Wace budurwa za ta ɗaga hannu gaban namiji ta ce tana ramuwa, alhali kowa ya san abin da ya sa ta sha azumin? Duk suka sunkuyar da kai.

Akwai ƴar wani tela daga Zongo, ita kaɗai Allah ya ba iyayenta, ita ta fi kowa gudu. Da aka zo hutu kowa ta ɗauki moɗa, ita ta jiƙa fuska kawai ta wuce, leɓenta a bushe. Na gani, na gane. Na ce a raina kada in kunyata ta gaban baƙi. Kuma, gaskiya ɗaya ce, na so mushen ya ga gudunta ya yaba wa ɗiyata.

Ba a jima da komawa ba ta tsaya a tsakiyar fili kamar mai neman wani abu a ƙasa, sai ta kife. Mazan suka yi cirko-cirko, babu mai son taɓa ɗiyar mutane. Autata ce ta sungume ta zuwa inuwar itacen bedi, ta sassauta mata kallabi, ta juye mata tuluna gaba ɗaya. Ta ɗago ta tambaye ni ko yarinyar ta sha ruwa. Na ce azumi take. Ta ce tun yaushe na sani. Kallon da ta yi mini, ban taɓa zaton ɗiyar da na haifa za ta yi mini irinsa ba.

A cikin taksi ƙafafun yarinyar ne a cinyata, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Idonta ya juye, kira nake ba ta amsawa. Motoci sun cunkushe, direba yana ta danna oda, ni kuwa duk addu'ar da na kama sai ta kuɓuce mini a tsakiya. Abin da nake gani kawai ƙofar gidan telan, da bakin da zan buɗe in ce na kawo musu gawa.

A likita suka shige da ita suka bar mu a benci. Uwarta ta iso da takalmi ƙafa ɗaya. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta durƙusa ta kira ni inna, ta tambaye ni a hankali ko ba ni ce na ce idona yana kan kowace ba. Muna nan a bencin har aka kira la'asar. Can aka ce ta farfaɗo. Abin da ta fara tambaya, da ta ga ruwan da aka rataya mata, wai ko ya karya mata azumi.

Iyaye suka janye ƴaƴansu, takardar ma ba a ba autata ba a shekarar. Na sake bin gidajen, wannan karon ba da ƙirji a gaba ba, na faɗa musu cewa na gane tana azumi ran nan amma na yi shiru. Wasu suka dawo da yaransu, wasu har yau. Tun daga nan ba a tambayar yarinya gaban kowa. Ni ke jan su bayan bedin ɗaya bayan ɗaya, mai ramuwa ta zauna a tabarmata, a ce gwiwarta ke ciwo. Ku da aka ba ku ƴaƴan mutane, ku sani yarinya za ta yarda ta mutu da ta faɗi irin wannan gaban namiji. Ku ne bakinta.

Telan ya rasu bara, mushen ma na ji ya riga mu. Autata tana nan, ta samu takardarta daga baya. Yarinyar tana nan, ita ke taya ta horar da ƙananan. Uwarta ma tana nan, muna gaisawa a gidan suna, tana girmama ni. Amma da aka haifa mata jika, wata daban ta kira ta yi wankan jego.