Abin da Ya Faru a Ƙasan Rijiyar Jibo

Duk wanda ya nufi Maska yana neman gidan Jibo Mai Rijiya ba zai sha wahala ba. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga Funtua zai kai shi har ƙofa, a hanya kuma ya ba shi labarin kyauta: rijiya ta rufta da mutum biyu, ɗaya ya rasu, ɗaya ya kwana ya wuni a cikin ƙasa, aka tono shi yana tasbihi, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Wasu sukan ƙara da cewa an ga haske a ramin. Wasu su ce wani farin tsoho ne ya riƙa ba shi ruwa.

Wanda ya rasun shi ne Lawal, mijin goggona Barakatu. Lokacin da abin ya faru ina Indiya ina karatun aikin ruwa da ƙasa, a waya aka gaya mini. Da na dawo gida bana, shekara tara ke nan da rasuwarsa, sai na tarar maganar ba ta kwanta ba. Isah ɗan Jibo yana neman Adawiyya, autar Goggo. Yarinyar na son sa, baffanninta sun amince, amma sun ce ba za su karɓi goro ba sai uwar ta sa albarka. Ita kuma ta ƙi.

Na same ta da hantsi tana ɓarzar masara a tsakar gida.

"Mannir, an ce ƙasa ka je ka karanto."

"Ƙasa da ruwa, Goggo."

"To a karatun naku, mutum yana kwana cikin ƙasa ba iska, ya fito da ransa?"

Na ce ba ya yi.

"Ashe dai." Ta ci gaba da aikinta. "Ni ban ce Allah ba zai iya ba. Amma su biyu suka shiga. Na tambayi liman me ya sa aka ceci ɗaya aka bar ɗaya, ya ce in yi istigfari. Na yi. Tambayar tana nan inda take. Kuma mutumin nan da suka yi shekara ashirin suna aiki tare da marigayi, ko gaisuwar mutuwa aike ya yi. Har yau bai tako zauren nan ba. Wanda Allah ya yi wa karama, me zai sa ya ji tsoron gwauruwa? Ka je ka binciko mini. In babu hannunsa, in ba su Auta. In akwai, ba zan haɗa jinina da nasa ba."

Jibo ɗan gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yanzu ya haura sittin. Haƙar rijiya ya gada wurin ubansa. Tun yana saurayi, da an gama girbi sai ya ɗauki diga da igiya ya shiga ƙauyuka, daga Dandume har Ƙarfi, ba ya dawowa sai ruwan farko ya sauka. An san shi da ɗanɗana ƙasa. Yakan sa 'yar kaɗan a harshe, ya tofar, ya ce, "Nan, a zurfin gaba shida za a tarar da ruwa," ko ya ce, "Ku bar nan, dutse ne." Ba kullum yake dacewa ba, amma an fi tuna lokutan da ya dace. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce na salla ba. Da injinan burtsatse suka yi yawa sai aikin gidaje ya ja baya, shi da Lawal suka koma haƙa wa masu noman rani a fadama, inda ƙasa ba ta da amana.

Tun ranar da aka tono shi bai sake shiga rami ba. Noman masara da waken soya yake yi. Amma duk ranar Juma'a mata da tsofaffi sukan taru a ƙofar gidansa da robobin ruwa ya yi musu tofi: mai naƙuda ta kusa, mai ɗa a hanyar Birnin Gwari, mai ciwon da asibiti ya kasa. Ba ya kiran kowa, ba ya korar kowa. In aka ce ya ba da labari, sai ya ce, "Allah ne," ya yi shiru. Na zauna a gefe na kalle shi wata Juma'a. Abin da na lura shi ne, yana tofin idonsa na kan hanya, kamar mai jiran wani da ba ya son ya iso.

Na fara da mai gonar da aka yi haƙar, wani dattijo mai noman tumatir. Ya kai ni wurin. An cike ramin tuntuni, sai ɗan kwari da ciyawa ta rufe. Na sa hannu na tona gefen wani rami da ke kusa: laka a sama, a ƙarƙashinta rairayi mai ruwa. Irin wannan ƙasa ba ta gargaɗi sosai kafin ta zube.

Na ce, "Alhaji, yaya aka yi kuka san yana da rai?"

"Ta tiyo mana. Tiyon injin da suke zuƙe ruwa da shi. Da muka cire injin muka ja shi gefe, sai muka ji tari na fitowa ta bakin tiyon."

"Ke nan bakin tiyon na wajen fuskarsa?"

"Yana cikin ɗakin tare da shi."

"Wane ɗaki?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinmu. Ashe gidan su Jibo suna da wata al'ada ta aiki. In rami ya yi zurfi, sukan fafe ɗan lungu a jikin bangon daga ƙasa, daidai tsugunon mutum ɗaya. In ana jan bokitin ƙasa sama, na cikin ramin sai ya shige nan, kada igiya ta tsinke ko dutse ya faɗo masa a ka. Shi suke kira ɗaki. Saboda ɗakin na mutum ɗaya ne, ƙa'idarsu ita ce mutum biyu ba sa zama a ƙasa lokaci guda.

Na ce, "To kowa ya san da tiyon nan?"

"Mutum fiye da ɗari suka ji tarin nan da kunnensu."

"Amma ban taɓa jin an ambace shi a labarin ba."

Ya yi dariya. "Injiniya, wa zai hau babur tun daga Dandume don ya ji labarin tiyo?"

Na koma na gaya wa Goggo, ina ganin na kawo mata abin da zai kwantar da hankalinta: ba haske, ba farin tsoho, lungu ne da tiyo. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani ƙyalle shuɗi da bai kai tafin hannu ba, gefensa a yage.

"Wanda ya yi wa marigayi wanka ne ya ɓamɓare wannan daga hannunsa. Ranar nan farar singileti ce a jikinsa. Shuɗiyar riga ta abokinsa ce. Ka ce ɗakin na mutum ɗaya ne? To yanzu na gane abin da suka yi kokawa a kai."

Sai na ga binciken nawa bai rage komai ba, ƙari ya yi.

Washegari na tarar da Jibo a gonarsa yana tara karan masara. Muka gaisa.

"Injiniya, an ce kana ta auna mini rami. Ka samo aljanin?"

"Tiyo na samo, Baba."

"To madalla. Ai ban taɓa ɓoye shi ba. Ba a dai tambaya."

Na ciro ƙyallen da Goggo ta ba ni na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya zauna a kan kunya.

"Wurinta yake duk shekarun nan?"

Na ce eh.

"Ba kai zan gaya wa ba. In za ta yarda, ka kai ni."

Bayan la'asar muka zo. Ya tsaya a bakin zaure ya cire takalmi, ya yi sallama sau biyu kafin ya shiga. Goggo ta zauna daga ƙofar ciki, ta ja mayafi, ta ba shi gefe. Ba ta amsa gaisuwarsa da fiye da "lafiya" ba.

Ya ce, "Barakatu, ni na kira shi ƙasa. Wannan shi ne laifina na farko. Ina cikin haƙa na buɗe idon ruwa, mai ƙarfi, irin wanda ban taɓa gani a fadamar nan ba. Murna ta kama ni, na ɗaga kai na ce, 'Lawal, sauko ka gani!' Ya ce ƙa'ida fa? Na ce minti nawa ne. Ya sauko."

Ya ci gaba.

"Da ya sauko tiyo ya harɗe masa ƙafa, ya yi tsaki ya shure shi cikin ɗakin. Ya durƙusa yana ɗanɗana ruwan. Ni kuma ina tsaye, sai na ga rairayi na tsiyayowa daga bango, siriri, kamar gari daga buhu mai huda. Na san abin da ke nan. Shi bayansa ne a wajen, bai gani ba." Ya dubi ƙafarsa. "Ƙafata ta riga bakina. Sai da na juya na nufi ɗakin sannan na ce, 'Lawal!' Wannan shi ne na biyu."

"Rigar fa?" in ji Goggo.

"Na ji hannunsa a bayana. Ya damƙi rigata."

"Ka fizge."

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Jikinka ne ko na wani?"

"Wallahi ban sani ba. Shekara tara ina juya shi. Wata rana in ga kamar tura ni ya yi ciki, don na bugu da bangon ɗakin da ƙarfin da ba nawa ba. Wata rana in ga kamar jan kansa yake ya shigo, ni kuma na cika wurin. Rigar ta yage, ƙasa ta sauko. In na ce miki tura ni ya yi, na yi wa kaina gata. In na ce na fizge, wataƙila na yi wa kaina ƙarya. Da aka fito da ni mutane suka hau kabbara. Kafin in iya magana sun riga sun gama labarin. Na ga in na ce Allah ne, ba wanda zai ƙara tambaya. Kuma ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta yi mini sauƙin faɗa."

Ya juyo gare ni. "Kai da ka yi karatu, ka ce tiyo ne. Na yarda. To wa ya sa ya harɗe masa ƙafa? Da bai shure shi ba, da gawa biyu aka tono. Ni wannan ne ya hana ni sakat. In ceto ne, da ƙafar Lawal aka cece ni, shi kuma aka bar shi."

Na san yadda iska ke bin tiyo. Ban san abin da ya sa abu ke faruwa daƙiƙa kaɗan kafin a bukace shi ba.

Goggo ta ce, "Ruwan da kake tofa wa mata, ka gaya musu wannan?"

"A'a."

"To ka ji. Ni ban yafe ba, ban kuma ce ka kashe shi ba. Tashi ka tafi, zan yi tunani."

Ya tashi. A bakin zaure ya tsaya ya ce, "Allah ya jiƙan Lawal." Sai da ya kai ga takalminsa sannan ta ce amin, a hankali.

Kwana uku ba ta tayar da maganar ba. Adawiyya tana ta kai da kawo a gidan, tana wanke kwanon da ta riga ta wanke, tana kallona. A rana ta huɗu da safe Goggo ta kira ni.

"Kai ka yarda da shi?"

Na ce, "Na yarda ya kira shi ƙasa, na yarda ya riga shi gudu. Mutum ba ya ƙaga wa kansa irin wannan. Sauran kuwa, ban sani ba."

"Kai ma ka koyi bakinsa." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Mai wayo yakan amsa ƙaramin laifi don a bar tambayarsa babba. Na yi wannan tunanin. Na kuma yi tunanin marigayi, mutum ne da zai iya tura wani ciki ya tsaya a waje, haka yake, shi ya sa ban taɓa samun hutu da shi ba. Duk wanda na ɗauka a cikin biyun, ɗayan sai ya zo ya zauna kusa da ni. Ina jin haka zan mutu da su."

"To maganar Adawiyya fa, Goggo?"

"Isah yana da shekara nawa lokacin?"

"Sha biyar, ina ji."

"Yana makaranta a Funtua. Bai shiga ramin ba." Ta ɗaga murya. "Ke Auta! Bar kwanon nan haka, kin kusa huda shi. Sa hijabinki ki je ki ce wa Baffanki ina son ganinsa, in ya dawo daga gona."